Waya Ta Huɗu A Gidan Tirwun

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu turo min saƙo kuna cewa Hafiza ina kika shige, ga ni. Ban shige ko'ina ba, ina ɗakinmu a Yelwa, hannuna ne kawai ya ƙi riƙe waya. Yau ma da ƙyar na lallashe shi. Abin da ya same ni ranar Asabar ɗin nan, da a labarin wata na karanta shi, tsaki zan ja in ce marubuciyar ta cika ƙara gishiri.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, ni ce babba a gidanmu. Baffana yana da shagon gyaran talabijin da rediyo a bakin titin Yelwa, a nan na tashi. Tun ina firamare, in an tashe mu shagon nake wucewa. Na iya fere kan wayar eriya kafin in iya fere doya, abin da Umma ba ta gama yafe wa Baffa ba har yau. Na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida na zauna. Ƙanwata Humaira ta yi aure har tana goyo. Kun san sauran zancen ba sai na faɗa ba. Duk wanda ya zo sai in ce ban natsu da shi ba, har ranar da Umma ta gaji ta ce, "Wai natsuwar nan a kasuwar Wunti ake sayar da ita ne, in je in auno miki?"

Sai Allah ya kawo Abdulhamid. Likitan dabbobi ne, dogo, siriri, marar hayaniya. In yana magana kamar yana tsoron kar ya tashi mai barci. Tun zuwan farko ya ce min shi maraya ne, uwa da uba sun rasu yana ƙarami, ƙanin mahaifinsa Alhaji Mudathir ne ya riƙe shi, sunansa ma yake amfani da shi a takardu. Umma ta ji haka ta ƙara son sa, ta ce maraya ya san darajar gida. Ni kuma, ba zan ɓoye muku ba, na faɗa sonsa. Ba turin Umma ba ne wannan karon, ni da kaina na faɗa. An yi bincike, an yi gaisuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah.

Ya gina gida a Tirwun, can inda sababbin gidaje ke cin gonaki. Da aka zo haɗa kayan kallo sai ya roƙi Baffa a kafa masa eriya, a raba ta ɗaki-ɗaki. Da na ji sai na tura masa saƙo.

"Likita, wai eriya? A gidan amarya? Ga tauraron ɗan Adam ka sa, me za mu yi da ƙarfe tsaye a kan kwano kamar gidan kakanni?"

"Saboda tashar jiha ne. Ina son ta."

"Kai da ko labarai ba ka kallo?"

"Zan fara."

Ya haɗa da 'yar fuskar nan mai murmushi. Na yi dariya na ajiye wayar. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba.

An shirya ranar Lahadi za a je auno tagogi saboda labule. Umma ta ce amarya ba ta zuwa ganin gida, ba tarbiyya ba ce. Goggo Bintu, yayar Baffa, ta ce ita idonta ba ya ganin lambar tef, in aka ɗinko labule ya tsaya a gwiwa kar wanda ya kira sunanta. Dole Umma ta ce in bi ta. Sai kuma Goggo ta tuna tana da suna ranar Lahadin, ta ce Asabar za mu je. Na rubuta wa Abdulhamid, saƙon bai shiga ba, don tun safe aka kira shi wata ruga a hanyar Ningi, saniya ta kasa haihuwa. Goggo ta ce, "To shi za mu auna? Ai Sabitu yana can, ƙofa a buɗe take."

Sabitu shi ne babban ma'aikacin Baffa, magidanci ne da 'ya'yansa, shi aka tura aikin eriyar.

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa mayafi ruwan hoda, na ɗan zizara kwalli. Har turaren da ya kawo min na fesa, ko da na san ba ya nan. Goggo ta ɗaura ɗankwalinta kamar za ta kamun amarya. Muka tari Keke da hantsi, tun daga Yelwa har Tirwun tana lissafa min abin da mace ba ta yi a gidan miji.

Gidan ya yi kyau, jama'a. Get ruwan ƙasa, falo mai faɗi, tayil fari sol, ƙamshin sabon fenti ko'ina. Goggo ta shiga da bismillah ta fita da guɗa. Ta buɗe kicin, ta murɗa famfo, ta leƙa banɗaki ta ce, "Ke Hafiza, kin ga amfanin haƙuri?" Kamar ba ita ce bara take cewa na zama tuzuruwa ba.

Sabitu yana kan tsani a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna. Talabijin ɗin falo a kunne, tashar jiha ce, amma hoton sai ya tafi ya daskare, fuskar mai magana ta farfashe gida-gida, murya ta sarƙe, sannan ya dawo.

Na ce, "Malam Sabitu, sannu da aiki. Wannan ai bai zauna ba."

"Ranki ya daɗe amarya. Tun jiya nake fama. Kafin in raba tar yake kamawa. Ina rabawa ya fara wannan iskancin."

"Ka juya eriyar?"

"Na juya har wuyana ya ƙage. Busta zan sa."

Ga wanda bai sani ba, eriya ɗaya ce a sama, waya ɗaya ke saukowa daga gare ta. Sai a sa ta cikin wani ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana, masu aikin na ce masa sifilita, shi ke raba ta zuwa ɗakuna. Duk bakin da ka ƙara, rabon kowa raguwa yake, in waya ta yi tsawo kuma ta ƙara cinye wani abu a hanya. Busta ita ke ƙara ƙarfin kafin a raba. Ɗaki uku a Tirwun bai kamata ya wahalar da mutum haka ba, shi ya sa na matsa kusa da tsanin na ɗaga kai.

Waya ɗaya ta shiga. Huɗu suka fita.

Na bi su da ido. Ɗaya ta nufi falo. Ɗaya ɗakina. Ɗaya ɗakinsa. Ta huɗun ta bi saman ƙofar kicin, ta fice ta wata 'yar huda a jikin taga.

"Wannan fa? Kicin za a sa wa talabijin?"

Sabitu ya sosa ƙeya da sukundireba. "A'a. Ta baya ce."

"Wane baya?"

"Ni dai Likita ya ce in ja ta har katangar baya. Ita ce ma mai tsawon, ita ke shanye min ƙarfin. Na miƙa ta ta saman katanga matar can ta karɓa. Ya ce kar in shiga, shi zai haɗa da kansa."

Goggo tana tsugune tana riƙe da bakin tef a jikin taga. Tef ɗin ya kuɓuce ya koma gidansa da ƙara.

"Wace mata?"

Sabitu ya dube ni, ya dubi Goggo, na ga ya gane ya yi ɓaranɓarama. "Wallahi Goggo na ɗauka kun sani."

Goggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Mace ya ajiye? Shiru-shirun nan dama na munafunci ne?"

Kunnuwana ne suka ɗauki wani irin zuuu. Na ajiye jakata a kan kwalin tayil, na buɗe ƙofar kicin na fita.

Wayar fara ce, an kafe ta da ƙananan ƙusoshi a jikin bango, a miƙe tsaf, aikin Sabitu ba ya karkata. Na bi ta. Ta wuce tankin ruwa, ta wuce inda aka tara ragowar bulo, ta hau katanga ta faɗa can ciki. A ƙasan wajen akwai 'yar ƙofar ƙarfe wadda da na gan ta daga taga na ɗauka ɗakin janareta ne. Goggo tana bayana tana haki. "Ke Hafiza, tsaya! Kar ki shiga a watsa miki wani abu!"

Na tura ƙofar. Ba a kulle take ba.

Wani ɗan tsakar gida ne, a share tas, har an yayyafa ruwa. Zogale guda biyu, randa da moɗa a kai, igiyar shanya ɗauke da zannuwa masu duhu irin na tsofaffi da hular sanyi ta saƙa. Ɗaki ciki da falo. Wata mata da za ta yi sa'ar Umma tana wanke kwanuka a bakin rariya. Ta miƙe da kumfa a hannu.

"Lafiya? Ku su wa?"

Goggo ta sha gabana. "Mu za mu tambaye ki. Ke wace ce a gidan nan?"

Kafin ta amsa sai wata murya ta fito daga ɗakin, siririya, a gajiye. "Salma! Salma, ya sake tafiya. Zo ki dawo min da su."

Matar ta dube ni da kyau, daga mayafina har takalmi. Na ga fuskarta ta sauya. "Ke ce Hafiza," ta ce a hankali. Ba tambaya ba ce.

"Wa ke ciki?"

Ta goge hannu a zani. Ta dubi ƙofar da muka shigo kamar mai jiran wani ya zo ya cece ta.

"Dada ce. Dada Habibatu. Mahaifiyar Likita. Ni ke kula da ita."

Jama'a, kun taɓa taka matattakala kuna zaton akwai sauran ɗaya, ƙafa ta faɗa wayam? Haka na ji, amma da dukan jikina.

Goggo ta ce, "Wace mahaifiyar? Wadda ta rasu?"

Salma ta sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na ɗaga labulen na yi sallama da muryar da ban gane tawa ba ce. Ɗakin fes, yana ƙamshin turaren wuta da man zafi. Katifa da zanin gado a ja, ledar magunguna a kan taga, ƙaramar talabijin da dikoda a kan teburi. A gabanta, dab da ita, wata tsohuwa ce zaune a kan darduma. Fara ce, ta rame ƙwarai, leɓenta na ƙasa da baƙin zane irin na matan Fulanin da. An yi mata kitso ƙanana, furfura tas. Hancin Abdulhamid ne a fuskarta. Dogayen yatsunsa ne take bubbuga gefen talabijin ɗin da su.

Ba ta amsa sallamar ba, ba ta ko waiwayo ba. Allon ya yi baƙi, rubutun babu sigina yana yawo a kai. Sai cewa take, "Sun tafi. Yanzu za a nuno su, sun tafi."

Salma ta raɗa min daga baya, "In ya ɗauke haka take wuni. Ba ta cin abinci."

Har yanzu ina mamakin abin da na yi. Ban yi kuka ba, ban fita da gudu ba. Kaina ya ƙi ɗaukar komai, sai hannuna ya kama abin da ya sani. Na durƙusa a bayan teburin na zaro wayar daga dikoda. Kan wayar a hargitse yake, an fere shi da wuƙa ko da haƙori, siraran gashin waje sun naɗe jan ƙarfen tsakiya. Aikin likitan shanu. Na ce Salma ta ba ni reza. Na yanke kan, na sake ferewa, na kwantar da gashin baya, na ɗaura na murɗa. A garin haka na yanki yatsa ban ji ba.

Hoton ya dawo. Bai zauna sosai ba, amma ya dawo. Wata mata tana hira da manoma da Hausa.

Tsohuwar ta saki ajiyar zuciya. Sai ta juyo don ta ga wanda ya gyara, idonta ya sauka a kaina.

Ta daɗe tana kallona. Sannan fuskarta ta buɗe gaba ɗaya, irin murnar wanda ya tsinci nasa a tasha.

"Sauda!"

Rezar ta faɗi daga hannuna.

Sauda sunan Ummata ne. Amma ba mai kiran ta haka. Baffa "ke" yake cewa, unguwa kuma Umman Hafiza. Abdulhamid kansa na tabbata bai san sunan ba.

Ta kamo hannuna ta riƙe gam. "Sauda, kin tashi? Jikin ya yi sauƙi? Kin ga yadda kika yi ƙiba!" Ta leƙa bayana, ta shafa inda ake goyo. "Ina jaririyar? Ina Hafizatu? Tun ɗazu nake jin kukanta. Kawo ta ta sha, Madina ta yi barci, akwai saura."

Ta kai hannu ta dafa ƙirjinta.

Na waiwaya. Goggo tana bakin ƙofa, bakinta a buɗe. Ta yi ƙarfin hali ta ce, "Rabu da ita, ba ki ga ba ta cikin hayyacinta? Taso mu tafi."

"Goggo, ta ina ta san sunan Umma?"

"Ni na sani? Sauda nawa ce a duniya?"

Ƙarar mota muka ji a waje, sai gudu a kan tsakuwa. Ashe Sabitu ya yi ta kiran Abdulhamid har ya samu, yana kan hanyar dawowa. Na zame hannuna a hankali, na ce, "Dada, bari in ɗauko ta." Ban san dalilin da ya sa na faɗi haka ba. Ta gyaɗa kai ta koma kallonta.

Abdulhamid yana tsaye a gindin zogale. Takalmin roba har gwiwa, duk kashin shanu, rigarsa da busasshen jini a hannu. Bai taɓa bari na gan shi haka ba.

Na ce, "Allah ya jiƙan mahaifiyarka, Likita. Kullum sai na sa ta a addu'a. Har sadaka na yi mata da azumi."

"Hafiza..."

"Da yaushe za ka faɗa min?"

Ya dubi ƙasa. "Bayan an ɗaura."

Goggo ta tafa hannu. "Kun ji ko! Bayan an ɗaura! Ka mai da mu 'yan tallan gyaɗa?"

"Goggo, ki yi haƙuri ki saurare ni." Muryarsa na karkarwa. "Mahaifina soja ne. An tura su aiki bai dawo ba. A shekarar ƙyanda ta ɗauke ƙanwata Madina tana goye. Tun daga nan Dada ba ta sake dawowa daidai ba. Baffa Mudathir ya ɗauke ni, aka kai ta ƙauye. Na girma ina zuwa ina ganin ta a ɗakin da ko akuya ba za ka ɗaure ba. Na yi alkawari ranar da na yi gini sai na ɗauko ta. Ba ta duka, ba ta zagi. Tashar nan kawai take so, tana jiran a nuno sojoji sun dawo."

"Wannan duk na ji," na ce. "Me ya sa ka kashe ta da bakinka?"

"Sau biyu ina neman aure kafin ke. Duk na faɗi gaskiya. Da an ji sai a ce akwai hauka a dangi, a dawo min da kayana. Baffa Mudathir ya ce wannan karon in na sake buɗe baki ba ruwansa." Ya ɗago, idonsa jawur. "Ba zan iya rasa ki ba, Hafiza."

"Da ka faɗa min, ni zan riƙa yi mata kitson nan."

"Ke za ki yi. Na sani. Umma fa? Goggo fa?" Ya juya gare ta. "Goggo, tsakaninki da Allah, da kin sani za ki bari?"

Goggo ta gyara mayafi ta kau da kai.

Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, ga kuma tausayinsa. Amma duk ba su ne suka fi damuna ba.

"Ta kira ni Sauda."

"Takan kira sunaye. Mutanen da ne, ni ma ban san su ba."

"Ta ce in kawo Hafizatu ta ba ta nono."

Na ga yana neman abin da zai ce. "Wataƙila ta ji ina ambaton ki a waya."

"Ka taɓa ce min Hafizatu?"

Bai taɓa ba.

"A wane bariki kuka zauna?"

"Shadawanka. Ina ƙarami sosai, ban fi shekara huɗu ba. Abba ma ake ce min lokacin."

A bayan barikin Shadawanka aka haife ni. Shagon Baffa na farko a 'yar kasuwar barikin yake, rediyon sojoji yake gyarawa, kafin mu dawo Yelwa.

Ban gaya masa ba. Na sa takalmina na wuce. Ya biyo mu har get yana cewa in bari ya kai mu, Goggo ta ce ko a ƙafa za mu koma ba za mu shiga motar maƙaryaci ba. Jakata ma Sabitu ne ya biyo ni da ita. A cikin Keke Goggo ta yi ta faɗa, ni ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Yatsana na kalla yana ɗigar jini a kan rigar, na rasa inda na samu ciwon.

Ana kiran la'asar muka shiga gida. Umma tana tsakar gida a kan tabarma, ta baje zannuwan gadon da aka kawo daga wajen ɗinki tana ninkewa, tana 'yar waƙarta. Ta ɗago da fara'a. "'Yan ganin gida! Yaya, falon zai ci kujerun?"

Goggo ko zama ba ta yi ba. "Wane falo! Uwar yaron nan tana raye. Tana bayan gidan a ɓoye, mai taɓin hankali. Da idona na gan ta."

Umma ta saki zanin. "Yaya Bintu, wace irin magana ce wannan?"

Goggo ta kwashe komai ta faɗa, har da wanda ba a yi ba. Umma tana salati, tana cewa amma yaron nan ya cuce mu, me za ta gaya wa mutane, ga kaya an gama haɗawa. Na bar su suka yi mai isarsu. Sannan na durƙusa a gabanta.

"Umma, kin san wata Habibatu a Shadawanka?"

Ta tsaya cak.

"Matar soja. Fara, mai zane a leɓe. Tana da yaro ana ce masa Abba, da jaririya Madina."

Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum a gabana ba sai ranar. Umma ta dafa tabarma da hannu biyu kamar ƙasa na juya mata.

"Maman Abba? Matar Kofur Hammawa? A ina kika ji sunanta?"

"Ita ce a ɗakin. Da ta gan ni Sauda ta kira ni."

"A'a." Umma ta girgiza kai. "A'a. An ce mana sunan ubansa Muhammadu."

Goggo ta zauna daɓas a kan turmi. Muryarta ta sauka. "Hammawa ai Muhammadu ne a bakin Fulani, Sauda."

Ranar ce ta farko da na ji Goggo ta kira ta da sunan.

Umma ta fara magana, ba ni take kallo ba, bango take kallo. "Da na haife ki na kwanta. Nono ya kumbura ya yi ruwa, zazzaɓi kamar zan tafi. Yaya Bintu tana aure a Gombe lokacin, ba kowa kusa. Kina ta kuka, madarar gwangwani in an ba ki sai ki amayar. Maman Abba takan kawo rediyon mijinta shago, ta ji kukanki ta shigo. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗauke ki ta sa a ƙirji." Hawaye suka zubo mata. "Kullum sai ta zo. Wata rana ma can take tafiya da ke ki wuni, ke a dama Madina a hagu. Har na warke. Daga baya aka kai ni gida Azare in huta, ko da na dawo aka ce mijin ya rasu, 'yar ta rasu, dangi sun kwashe su. Mun yi cigiya har muka gaji. Na ɗauka ita ma ta daɗe da mutuwa."

"Umma," na ce, "ki ce min sau ɗaya ne. Ki ce min ba ki tabbata ba."

Na san ko sau ɗaya ne bai canja komai, a Islamiyya an koya mana shan nono ɗaya yana haramta aure. Amma na roƙe ta.

Ta kamo fuskata da hannuwanta masu ƙamshin sabon yadi. "Da nononta kika rayu, Hafiza. Ɗan yaron nan mai yawo da gwangwani yana leƙa ki a zani yana cewa ƙanwata, ƙanwata... Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na tura ki. Ni na yi ta tura ki."

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ciro ta don in samu abin kallo ban da fuskar Umma. Saƙonsa ne.

"Na san na yi laifi. Ki bar ni in zo in durƙusa gaban Umma da Baffa. Duk hukuncin da suka yanke na ɗauka, ban da rabuwa da ke."

Wani saƙon ya sake shigowa.

"Dada ta ci abinci. Tana ta tambaya wai ina Sauda ta tsaya da jaririyar."

Na karanta, na sake karantawa. A saman saƙon ga sunan da na sa masa, da 'yar zuciya ja a gefe. Na sa yatsa zan rubuta amsa, na rasa da me zan fara kiran sa.

Sai muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Baffa ya yi sallama da ƙarfi, irin wadda yake yi in ya zo da abin daɗi. Ya shigo rungume da kwali, hularsa ta karkace, yana dariya tun daga zaure.

"Ina amaryar? Katin biki ya fito! Zo ki karanta min, Hafiza, a ga ko sun rubuta sunan angon daidai."

Ba wanda ya amsa sallamar. Ya tsaya yana duban mu ɗaya bayan ɗaya, dariyar tana gushewa a hankali.

Umma ta share ido da bakin zani, ta jawo masa kujera.

"Malam, ajiye kwalin nan ka zauna."